Tsohuwar Wuƙar Makiyayan Amurka: Kada Ka Goge Ta Tukuna

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, a nan nake aiki. Kwanakin baya na sayi wata wuƙar aljihu mai naɗewa a kasuwar tsofaffin kaya. Ruwanta uku, ƙotarta ta ƙashi ce mai sassaƙa, kanta da gindinta faɗinsu ɗaya. A gindin babban ruwan an buga REMINGTON UMC a cikin da'ira. Mai sayarwar ya ce irin wadda kaboyi suke kora shanu da ita ce a zamanin da. Ta yi baƙi, da ɗan tsatsa nan da can. Yanzu sha'awar tara irinta ta kama ni. Yaya zan gane ko ta gaske ce? Zan iya kai ta a goge mini ita ta yi ƙyalli? In kuma na tashi komawa Kano da su, yaya zan adana su?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta tsakiya, don ita ce mai gaggawa: kada ka kai ta ko'ina a goge maka. Kada samfefa ta taɓa ta, kada giranda ta kusance ta. Baƙin nan da kake gani ba datti ba ne, launin da baƙin ƙarfe ke ɗauka ne in ya daɗe, kuma masu tara wuƙaƙe da shi suke karanta shekarun wuƙa. Duk ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa. Tsohuwar wuƙar da aka goge ta yi fes, darajarta a wajen masana ƙasa take da ta wadda aka bari da baƙinta.

Siffar da ka bayyana ita ce dillalan can suke kira cattle knife, kuma da wannan sunan za ka neme ta a kasuwa. Ta bayyana ne a wajajen 1870, lokacin da harkar shanu ta bunƙasa a yammacin Amurka, ana koro garkuna daga Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas irin su Abilene. Abin da ke bambanta ta shi ne jikinta: miƙaƙƙe, kai da gindi faɗi ɗaya kuma a zagaye, tsawonta in an naɗe kusan inci 3 da 5/8, wato santimita 9 da ɗan wani abu. Akwai ƙanana masu kamar inci 3 da kwata. Babban ruwan galibi mai kan mashi ne, tsininsa a tsakiya. Na biyu shi ne ruwan fiɗiya, gajere, bakinsa a lanƙwashe ba tsini, don in ɗan maraƙi ya yi harbi ana cikin aiki kada a soke shi. A ƙasar Hausa akan yi dandaƙa, akan yi fiɗiya. Makiyayan Amurka kam yanka suke yi, shi ya sa aka ware wa aikin ruwa guda. Na ukun yakan zama mai miƙaƙƙen kaifi, ko ɗan ƙarami na fiƙe fensir da yanke zare, ko kuma basilla ta huda fata, don ƙara rami a linzami ko majayin sirdi in ana cikin daji.

Mutane da yawa suna haɗa ta da ƙanwarta, stockman, wadda ta fito a wajajen 1890. Ita jikinta a ɗan karkace yake kamar harafin S, ta fi siranta, babban ruwanta kuma mai zaftararren baya ne da dogon tsini. Ƙanwar ce ta ci kasuwa daga baya, har yau ita kamfanoni suka fi ƙerawa. Wannan ne ya sa tsohuwar mai kai da gindi ɗaya ta fi wuyar samu, kuma a ganina ta fi daɗin tarawa. Jikin nata bai ɓace ba: a kansa aka gina wuƙar 'yan sikawut mai mabuɗin gwangwani da sukudireba. Saboda haka in ka ga mai ruwa huɗu da zoben ratayewa a gindi, wannan wani gida ne daban, ko da jikin iri ɗaya ne.

Maganar mai sayarwar kuwa, rabinta ce gaskiya. Remington kamfanin bindiga da harsashi ne, bai shiga ƙera wuƙar aljihu ba sai 1920, a garin Bridgeport, ya kuma bar harkar a 1940. Kafin nan korar shanu ta dogon zango ta daɗe da ƙarewa. Waya mai ƙaya da layin dogo sun gama da ita tun shekarun 1880. To in wuƙarka ta gaske ce, ta gonakin kiwo masu shinge ce, ba ta waɗancan kaboyin na hanya ba. Wannan bai rage mata komai ba. Wuƙaƙen da Remington ya yi a shekaru ashirin ɗin nan suna cikin mafi kyawun da aka taɓa ƙerawa a Amurka. Ina dai so ka saba tun yanzu da raba labarin dillali da abin da ke hannunka.

Yanzu ka ɗauko ta, ka fita inda akwai hasken rana, ka nemi gilashin ƙara girma. Juya babban ruwan ka duba bayan gindinsa. Remington kan buga lambar samfuri a wurin, ta fara da R, kuma adadin ƙarshe shi ke faɗin abin da aka yi ƙota da shi: 3 ƙashi, 4 ɓawon kifin lu'ulu'u, 5 robar selulod wadda suka raɗa wa suna Pyremite, 6 ƙahon barewa. In lambar ta ƙare da 5 alhali ƙotar ƙashi ce, to wani ya sake mata ƙota, ko ya ɗauko ruwan daga wata wuƙar. In tana da basilla, duba 'yar farar alamar ƙarfen da aka dasa a jikin ƙota. Remington ya saba sa mai siffar ƙwallon itacen oak a kan wuƙaƙensa masu basilla. Ka kuma sani cewa daga 1982 kamfanin ya dawo da wasu tsofaffin samfuransa, kamfanin wuƙa na Camillus ne ya riƙa ƙera masa su, galibi da ƙotar roba mai kama da ƙashi. Waɗannan ba jabu ba ne, amma ba tsofaffi ba ne, kuma akwai masu sayar da su da kuɗin tsofaffi.

Gane ƙashi daga roba ba shi da wuya. Ƙashin ƙwaurin sa ne, an rina shi an sassaƙa. A ƙarƙashin gilashi za ka ga 'yan ƙananan ramuka da zirin tsawo, rinin ya fi duhu a cikin sassaƙar, ya koɗe a inda hannu ya fi shafa. Ɗan ƙwanƙwasa shi a haƙorinka za ka ji ƙas, da sanyi. Robar Delrin, wadda ta mamaye kasuwa daga shekarun 1960, sumul take, ba rami, sautinta a mace.

Inda aka fi cutar sabon shiga shi ne hatimi, wato sunan kamfani da aka buga a gindin ruwa, don shi kaɗai yake kallo. Hatimi kuwa shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a jikin wuƙa. A masana'anta ana buga shi ne tun ƙarfe bai sha wuta ya taurara ba, daga baya a goge wurin, saboda haka gefen haruffan a kwance yake daidai da sauran ƙarfen, cikinsu kuma da baƙi. Mai jabu sai ya kankare tsohon suna ya buga sabo. Shafa farcenka a kan haruffan: in ka ji gefensu ya taso, ko ka ga ba su zauna a layi ɗaya ba, yi hattara. Kalli gindin ruwan ta baya ka gwada kaurinsa da na sifirin da ke danne shi. A wuƙar da ba a taɓa ba kaurinsu ɗaya ne. In gindin ya fi siranta, har ana ganin ɗan gibi a gefe ɗaya, an ci wani abu a wurin. Wasu har walda suke yi, su haɗa sabon ruwa da tsohon gindi mai hatimin gaske. Karkata ta a haske za ka hango ɗan layin da launin ƙarfe ya canza.

Ƙa'idar da ta fi kowacce amfani ita ce sassan wuƙa tare suke tsufa. Kamar duba saniya ne a kara: ba ka tsayawa kan abin da dillali ya faɗa, sai ka buɗe baki ka ga ko haƙora sun yi daidai da jiki. Ƙota ta sha hannu har sassaƙar ta lafe amma ruwa cikakke kamar jiya aka yi shi? Akwai magana. Ruwa biyu sun yi baƙi, na ukun fari tas? Akwai magana. Ƙusoshin da ke riƙe da ƙota sababbi ful a jikin tsohon ƙashi? Haka nan.

Sai ka buɗe kowane ruwa ka rufe, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya kamata ya tafi sumul, ya zauna da ƙara tas in ya kai ƙarshe, haka in an mayar da shi. Ruwan da ke lilo hagu da dama, ko wanda sai ka tura shi da yatsa kafin ya shige, sifirinsa ko gindinsa ya cinye. In an naɗe wuƙar, shafa yatsa a kai: tsinin da ya leƙo waje alama ce ta an wasa ruwan har ya ragu. Waɗannan wuƙaƙen na aiki ne, mutanen da suka saye su kullum suna kan dutsen washi, don haka samun mai cikakken ruwa sai an tona. Ni ba na ƙin wuƙar da ta ragu kaɗan matuƙar gaskiya ce daga kai har gindi. Na fi son ta sau goma a kan mai ƙyalli da aka harhaɗa.

Game da tarawa, shawarata ka zaɓi hanya ɗaya ka bi, kada ka sayi duk abin da ka gani. Kana iya tsayawa kan Remington tunda da shi ka fara. Kana iya bin kamfanonin garin Walden na jihar Niyok: New York Knife Company mai alamar hannu riƙe da guduma, wanda ya rufe a 1931, da Walden Knife Company, da Schrade da aka kafa a 1904, wanda hatiminsa ya koma Schrade Walden daga 1946 zuwa 1973. Kamfanin Case na garin Bradford shi ya fi sauƙin sanin shekara daga hatiminsa: Tested XX daga wajen 1920 zuwa 1940, Case XX daga 1940 zuwa 1964, an ƙara USA daga 1965, sannan a 1970 suka sa ɗigo goma a ƙarƙashin hatimi suna cire ɗaya kowace shekara. Amma saboda farin jininsa, shi aka fi yi wa jabu, don haka ba nan zan tura sabon shiga da kuɗi mai yawa ba. Akwai kuma sunayen manyan 'yan kasuwar kayan ƙarfe, kamar Keen Kutter na Simmons da Diamond Edge na Shapleigh, dukansu a St. Louis. Su 'yan kasuwa ne, masana'antun wuƙa ke ƙera musu a buga sunansu, kuma sau da yawa za ka samu aiki mai kyau a farashi mai sauƙi. In ka ci karo da ta Ingila ko Jamus, irin su I*XL na Wostenholm a Sheffield ko Boker mai alamar bishiya, tuna cewa dokar kwastan ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigowa da su daga 1891. Wadda aka rubuta England ko Germany ta bayan nan ce. Rashin sunan ƙasa kuwa alama ce kawai, ba hujja ba.

Abin da za ka yi wa taka a yau kaɗan ne. Ɗiga man keken ɗinki a mahaɗar kowane ruwa, ka buɗe ka rufe har dattin ya fito, ka share da tsumma mai laushi. Cikin ƙotar ka sakace da tsinken ashana. Jan tsatsan da ke ci, ka jiƙa shi da mai ya kwana, ka murza da bakin fensir ko gefen tsinke. Ja zai tashi, baƙin ya zauna. Daga nan ka tsaya.

Kano tana da abokan gaba uku ga irin wannan kaya. Damina tana kawo tsatsa, musamman in ka bar su cikin kube ko jakar fata, don fata tana riƙe laima. Hunturu yana busar da ƙashi har ya tsage a gefen ƙusa, don haka kafin sanyi ya shigo ka shafa wa ƙotar ɗan farin mai mara ƙamshi, irin na kantin magani. Na ukun ya fi su haɗari, wato zafi a kan selulod. Wannan tsohuwar robar mai launuka masu ɗaukar ido tana ruɓewa da kanta, tana fitar da iska mai cin ƙarfe, zafi kuma yana hanzarta ta. Alamar farko ita ce tsatsa a bayan ruwa, daidai sashen da ke waje in an naɗe, sai farin ƙarfen kai da gindi ya dushe, ƙotar ta fara tsukewa. Guda ɗaya in ta fara a cikin rufaffen akwati, sai ta lalata duk na kusa da ita. Mai irin wannan ƙota ka ware ta ita kaɗai, a wuri mai sanyi da iska, kana leƙa ta lokaci-lokaci. Sauran ka jera su a aljihun tebur a kan ƙyallen auduga, ba a ɗakin da rana ke duka ba. Ranar tafiya kuma ka sa su a babban akwatin da za a auna, kowace a naɗe cikin tsumma, don in suna jakar hannu za a karɓe su tun a wurin bincike.