Amsa ga ɗan'uwan da zai kai ɗansa New York kallon besbol

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka tun daren jiya, inda ka ce ɗanka mai shekara 15 ya daɗe yana roƙonka ka kai shi New York ya ga wasan ƙungiyar Yankees da idonsa, kana da kwana uku a lokacin dogon hutun makaranta, za ku taso daga Maryland, kai kuma ba ka san kan wasan ba, balle ka san ta inda za ka fara tsara tafiyar. Na yi irin wannan tafiya sau biyu da babban ɗana, ta farko yana da shekara 14, ta biyu yana da 16, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta maka abin da na gani dalla-dalla.

Shawarata ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce ka ware wa wasan ranarsa sukutum, kada ka haɗa shi da wani yawo. A tafiyarmu ta farko na ɗauki wasan kamar ɗaya daga cikin wurare biyar da za mu leƙa a yini guda, na sa gidan tarihi da safe, kasuwa da rana, sannan filin wasa da yamma. Muka isa a gajiye ana cikin zagaye na biyu daga cikin zagaye tara na wasan, yaron bai ga komai daga abubuwan da ya yi wata da watanni yana ba ni labarinsu ba. Bai yi ƙorafi ba, domin yaro ne mai kunya, amma na gani a fuskarsa, kuma abin ya daɗe yana damuna. Mu iyaye muna ganin wasan awa biyu ne da rabi, shi kuwa yaron a wurinsa ranar tana farawa ne tun daga lokacin da ya sa rigar ƙungiyar da hularsa hana-salla a ɗakin otal.

Kafin ka sayi tikitin jirgi ko ka kama ɗaki, fara da jadawalin wasanni. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabinsu a gida, rabinsu a waje, saboda haka yana yiwuwa ku iso New York ku tarar Yankees suna wani gari har tsawon mako guda. Ana kuma buga wasannin ne a jere, kwana uku ko huɗu da abokiyar hamayya ɗaya, kuma wannan yana da amfani a gare ka. Filin Yankee Stadium ba shi da rufin da ke kare fagen wasa, ruwan sama yakan sa a jinkirta wasa ko a ɗage shi baki ɗaya, a watannin Yuli da Agusta kuwa hadari yakan haɗu da yamma ba zato. Don haka ka zaɓi wasan da ya faɗo a rana ta biyu ta tafiyarku, ka tabbatar akwai wani wasan gida washegari, ka bar rana ta uku a sake. A zuwanmu na biyu mun zauna fiye da awa guda ana jiran ruwa ya ɗauke, an lulluɓe tsakiyar fili da tamfol, hankalina bai tashi ba saboda na san muna da gobe. Ka kuma sake duba lokacin wasan idan tafiya ta matso, domin akan mayar da wasan Lahadi na rana zuwa dare saboda gidan talabijin. Game da kuɗi, wasa da Red Sox ta Boston ko da Mets, ɗaya ƙungiyar New York, ya fi tsada nesa ba kusa ba, wasan tsakiyar mako da wata ƙungiyar kuma ya fi sauƙi, yaron da bai taɓa shiga filin ba zai ji daɗin kowanne.

Batun mota, ka bar ta a gida. Jirgin ƙasa na Amtrak daga Baltimore yana sauke ku a tsakiyar Manhattan, a tashar Penn, motocin bas kuma sun fi araha idan aljihu bai yi nauyi ba. Wanda ya shiga da motarsa zai biya kuɗin gada ko na hanyar ƙarƙashin kogi, ya biya kuɗin ajiye mota mai tsada, kuma tun Janairun 2025 ana karɓar kuɗin cunkoso daga motocin da suka shiga kudancin Manhattan daga titi na 60 zuwa ƙasa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya wadatar da ku, kuɗinsa wajen dala 3 ne, kuma da katin banki ko waya ake taɓa ƙofa a wuce. Ɗaki kuwa, abin da za ka duba shi ne kusancinsa da tashar jirgi. Mu a Long Island City muka sauka, a yankin Queens, inda muka samu ɗaki da ya fi na tsakiyar Manhattan sauƙi, jirgi mai lamba 7 kuma yana kai mutum tashar Grand Central cikin 'yan mintuna.

Daga Grand Central ɗin ne za ku hau jirgi mai lamba 4 zuwa tashar titi na 161 a Bronx. Jirgin D ma yana zuwa, amma ina ba ka shawarar na 4 da gangan, domin dab da isowa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, sai ga filin ya bayyana ta taga. Ka bar yaron ya tsaya kusa da tagar. Ku yi ƙoƙari ku isa awa biyu kafin wasa. Filin da ake amfani da shi yanzu an buɗe shi a 2009, tsohon kuwa, wanda aka buɗe a 1923 aka rufe a 2008, yana tsallaken titi ne, an rushe shi an mayar da wurin filin wasa na jama'a, kuma yara suna buga besbol a kansa har yau. Ɗana ya yi minti ashirin a can yana kallon yaran unguwa kafin mu shiga.

Ana buɗe ƙofofi kimanin awa ɗaya da rabi kafin a fara. Da kun shiga ku nufi Monument Park kai tsaye, wurin da ke bayan tsakiyar fili inda aka kafe allunan tunawa da manyan 'yan wasan ƙungiyar, irin su Babe Ruth da Lou Gehrig da Derek Jeter, tare da lambobin rigunansu da aka daina bai wa kowa. Ana rufe wurin minti 45 kafin wasa, layi kuma yana da tsawo, wannan shi ne abin da muka rasa a zuwan farko. A nan za ka ga lamba 42, kuma ina so ka san labarinta kafin ku je, domin ita ce ta buɗe mini hira da ɗana irin wadda ban taɓa yi da shi ba. Jackie Robinson ne ya sa ta, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar besbol ranar 15 ga Afrilun 1947, yana buga wa ƙungiyar Brooklyn Dodgers. A 1997 aka jingine lambar a dukkan ƙungiyoyin gasar, ban da waɗanda suke sanye da ita a lokacin, na ƙarshensu kuma shi ne Mariano Rivera na Yankees, wanda ya yi ritaya a 2013. Yaranmu da aka haifa a ƙasar nan suna ɗauke da tambayoyi game da launin fatarsu waɗanda ba kasafai suke kawo mana su ba, saboda suna ganin mu da muka girma a gida ba za mu fahimta ba. A gaban wannan lamba ɗana ya ba ni labarin wata magana da aka taɓa faɗa masa a filin atisaye, wadda ya ɓoye mini kusan shekara guda. Idan ɗanka ya nuna sha'awa, akwai gidan tarihin Jackie Robinson a kudancin Manhattan, wanda aka buɗe a 2022, ya dace da rana ta uku.

Ka ce ba ka san wasan ba, to kada ka wahalar da kanka da karatu. Abin da kake buƙata kaɗan ne. Mutum tara ne a kowane ɓangare, ɗaya ƙungiya tana bugu, ɗaya tana tsaron fili. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai sanda yana neman ya buga ta ya ruga ya zagaya kusurwoyi huɗu ya dawo inda ya fara, wannan shi ne ci ɗaya. Idan aka fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara, kuma ba a tashi kunnen doki, sai a ƙara zagaye har a samu wanda ya yi nasara. Tun da aka sa wa mai jifa agogon da ke ƙayyade masa lokacin wurgo ƙwallo a 2023, wasa yakan ƙare cikin kimanin awa biyu da minti arba'in. Sauran bayanin ka bar wa yaron. Ka tambaye shi dalilin da ya sa wancan ya tafi kusurwar farko ba tare da ya buga ba, ka tambaye shi labarin Aaron Judge, ɗan wasan Yankees, da bugu 62 da ya tsallakar da katanga a 2022. Yaro ɗan shekara 15 ba ya yawan samun abin da ya fi mahaifinsa sani a kai, kuma idan ya ga da gaske kake sauraro, bakinsa zai buɗe. Haka nan ka damƙa masa jagorancin hanya, shi zai duba taswirar jirgi ya faɗi inda za ku sauka, kai kana biye kana lura.

Wurin zama, na fi son bene na sama ta bayan mai bugu, domin daga can ana ganin yadda dukkan filin yake motsi, farashin yana da dama-dama, layukan can sama kuma suna samun inuwa. Bencunan bayan fili sun fi araha da armashi, a can ne magoya baya na sashe na 203 suke kiran sunan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya a zagayen farko har kowane ya ɗaga musu hannu, amma babu majingina, babu inuwa, ana shan giya, bakin wasu kuma ba shi da linzami. Kai ka san ɗanka, kai za ka auna. Tikiti a waya yake, ta manhajar babbar gasar besbol mai suna MLB Ballpark, ka saye shi daga ƙungiyar ko wata kafa da aka amince da ita, kada ka saya a hannun masu tsayawa a bakin titi. Ka tafi da katin banki domin ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki, ka kuma riƙe ƙaramar jaka mai laushi guda ɗaya kawai.

Abinci da salla su ne abin da ba za ka samu a shafukan yawon buɗe ido ba. Abincin cikin fili yana da tsada, kuma ba kowane nama za ka natsu da shi ba. An yarda mutum ya shiga da ɗan abincinsa da ruwan roba da ba a buɗe ba wanda bai wuce lita ɗaya ba, saboda haka mu shinkafa da kaza muka ci a wurin masu amalanken halal kafin mu shiga, a ciki kuma muka tsaya kan gyaɗa da dankali. Wasan dare yakan fara da ƙarfe 7:05, a ƙarshen Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa a New York sai wajen 8:30, wato Magariba za ta same ku a tsakiyar wasa, kuma wanda ya fita daga filin ba a barinsa ya koma. Ku matafiya ne, akwai rangwame, amma ka tambayi malaminku tun kafin tafiya yadda za ku haɗa sallolin, ka kuma yi wa yaron bayani, don ya ga cewa an tsara tafiyar da sallar a cikinta. Wasan rana na Asabar ko Lahadi, wanda ake farawa bayan ƙarfe ɗaya, ya fi sauƙi ta wannan fuskar, sai dai zafi.

Sauran kwana biyun ba sa buƙatar dogon tsari. Jirgin fito na Staten Island kyauta ne, yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'yanci (Statue of Liberty), minti 25 zuwa, 25 dawowa, a ranar farko wannan da takawa a kan gadar Brooklyn sun isa. Idan Juma'a ta same ku a can, masallacin Malcolm Shabazz yana titi na 116 a Harlem, inda Malcolm X ya taɓa jagoranci, kuma unguwar cike take da 'yan Afirka ta Yamma da gidajen abincinsu. A Bronx kanta akwai 'yan'uwanmu Hausawa da yawa, musamman mutanen zangon Gana da na Nijar, ɗana ya yi mamaki ƙwarai da ya ji ana ciniki da Hausa a wani shago, tafiyar 'yan mintuna daga filin wasan. Ka bar masa zaɓin wuri ɗaya nasa na kansa, ko da shagon takalma ne.

Ku zauna har a fitar da mai bugu na ƙarshe, ko da an yi wa Yankees rata, domin a besbol babu agogon da ke ƙare wasa, ana iya juya shi a zagaye na tara. Bayan an tashi mutum dubu arba'in ne suke neman tasha ɗaya, saboda haka tun kuna ciki ku tsayar da wurin haɗuwa idan kun rabu, ka rubuta masa sunan otal da lambarka a takarda ya sa a aljihu, ka kuma tafi da abin cajin waya, tun da tikiti da taswira da kuɗin jirgi duk a cikinta suke. Mu mun tsaya minti ashirin a wurin zamanmu har cunkoson ya ragu, sannan muka samu jirgi ba tare da turereniya ba. Idan ka tsayar da ranakun, ka faɗa mini, zan duba jadawalin tare da kai. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya shirya mana zuri'a.