Fom ɗin nan mayar da amsa yake ko dawo da ita? Tambayoyinku na wannan makon

Wani ɗalibi da ke koyon haɗa manhaja a Ikeja ya rubuto: "Malam, ina haɗa wa wani dillalin albasa na Mile 12 rumbun bayanai da Microsoft Access. Akwai ɗan fom da ke fitowa ya tambayi sunan kwastoma da yawan buhu. In mutum ya rubuta, me zan ce, fom ya mayar da amsa ko ya dawo da amsa?"

Yauwa ɗana, ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Aikatau na Hausa yana ɗauke da alkibla a jikinsa, abin da yaran yanzu suka ɗauka wasa ne. In ya ƙare da wasalin "o" to abin wajenka ya nufo: aika da aiko, saya da sayo, fita da fito, koma da komo. Masana na kiransa giredi na 6 a cikin giredi 7, wato rukunonin aikatau, da wani masanin Hausa mai suna Parsons ya tsara a 1960, amma kakarka da ba ta taɓa jin sunan Parsons ba ba za ta taɓa ce wa jikanta "ka kai min ruwa" ba alhali tana zaune ƙishi na damunta, "kawo" za ta ce. Shekaranjiya a Agege ina tsaye gaban mai POS na ji wani saurayi yana ta ɗaga murya a waya wai "ka tura min kuɗin mana", kuma shi ne mai jiran kuɗin! Tura wa wa? Turo ake cewa. Na yi shiru ne kawai don kar a ce tsoho ya cika sa ido.

To kai a ina kake tsaye? Wajen umarnin da ka rubuta wa manhaja ya buɗe fom ɗin, shi ya yi aike, shi ke jira. Don haka fom ya dawo da amsa, ko ya maido ta. "Mayar da" na wanda ke can ne yana sallamar abu, kamar ka mayar wa maƙwabci tsaninsa.

Amma fa in za a bi gaskiyar aikin, a Access fom ɗin ba ya kawo komai da ƙafarsa. In ka buɗe shi da DoCmd.OpenForm, umarnin buɗe fom, ka sa acDialog, zaɓin da ke sa a jira fom ɗin, umarninka zai tsaya cak har sai an rufe fom ɗin ko an ɓoye shi, kuma in an rufe shi kafin ka adana abin da aka rubuta a wani wuri shi ke nan, ɗan aike ya dawo hannu rabbana. Shi ya sa masu aikin ke sa maɓallin OK ya ɓoye fom ɗin kawai, umarni ya ci gaba ya leƙa ya ɗauko sunan kwastoma da yawan buhun, sannan ya rufe shi. Ka lura, ɗauko na ce. Wasalin nan dai bai bar mu ba.

Wata 'yar'uwa daga Idi-Araba: "Cika fom ko cike fom?"

Duka ana faɗa. Cike ya fi nuna ba a bar gurbi ko ɗaya ba.

Wani kuma daga Obalende yana tambaya ko "akwatin tattaunawa" daidai ne a matsayin fassarar "dialog box", wato irin ɗan fom ɗin nan da ke fitowa ya yi tambaya.

Fassarar kalma da kalma ce. Wace tattaunawa, abin da ya yi maka tambaya ɗaya ya tsare ka? Ni akwatin tambaya nake cewa.

Sai mai tambaya kan "shiru ma magana ce", wai yana nufin wanda ya yi shiru ya amince?

Ba dole ba. Shirun budurwa daban, shirun wanda aka ɓata wa rai daban, karin maganar cewa take a saurari shirun a gane wanne ne. Ɗalibinmu na Ikeja ma ya kula da wannan, don InputBox, akwatin tambaya na VBA, harshen da ake rubuta umarni da shi a Access, in mutum ya danna Cancel fanko yake dawowa da shi, in ya danna OK bai rubuta komai ba nan ma fanko. Ɗaya ya fasa ne, ɗaya mantuwa ya yi, in ka haɗa su wuri ɗaya dillalin albasa zai wayi gari da ciniki a rumbunsa babu sunan mai saye.