Amsa: Ta ina zan fara gwajin nauyin buhunan taki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an kawo wa ƙungiyarku ta manoma a Daura taki mai tambarin kilo 50, ka ɗora buhu 36 a sikeli, matsakaici ya ba ka 49.2, ma'aunin warwatsuwa s kuma 2.4.

Fara da H0, wato maganar da za a riƙe har sai hujja ta ka da ita: μ = 50. Wannan μ matsakaicin duk buhunan da ke sito ne, ba na 36 ɗinka ba. Nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, su saka 49.2 a H0.

Tunda ragin awo kuke zargi, H1, wato maganar da ke adawa da H0, shi ne μ < 50. Gwajin t za ka yi, ba z ba, domin daga samfurinka ka samo s. Raba 2.4 da 6, tushen 36, ka samu 0.4. Giɓin −0.8, wato 49.2 a cire 50, a raba da 0.4, t ya zama −2. A matakin 0.05 (kasadar yin watsi da H0 bisa kuskure da ka amince da ita) da df 35 (adadin buhunan, 36, a cire 1), iyakar gefe ɗaya a teburin t −1.69 ce, ka wuce ta, sai ka yi watsi da H0.

Amma da μ ≠ 50 ka rubuta a H1, gwajin ya zama na gefe biyu, iyakar ta koma −2.03, kuma −2 bai kai ba. Lissafi ɗaya, hukunci biyu! Shi ya sa nake nacewa a tsayar da H1 tun kafin a hau awo.

Ina fatan dai ba daga bakin ƙofar sito kaɗai ka ɗebo buhunan ba. Sai an zaɓo su ta ƙuri'a, sama da ƙasa, gwajin zai zama abin dogaro.