Tambaya da Amsa: Yadda tawaga ke kai mota ƙarshen tseren awa 24 a kwamfuta

Tambaya: Mu huɗu ne, mun yi rajistar tseren awa 24 na Spa a iRacing, wasan tseren mota na kwamfuta da ake yi ta intanet, da motar GT3, wato wani rukunin motocin tsere. Yaya za mu raba tuƙi, kuma yaya ake lissafin mai?

Amsa: Ɗan'uwa, ku fara da tanki, don shi ke yanka muku zango, wato tsawon tuƙi daga shan mai zuwa shan mai. Kowane direba ya yi zagaye goma a jere da cikakken tanki, a irin yanayin da aka sanar na ranar tsere, ya rubuta abin da motar ta sha. A ɗauka a misali lita 3.6 take sha a zagaye ɗaya, tankin kuma lita 100 ne. Zagaye 27 ke nan, da ɗan ragowa. Hanyar Spa ta Beljiyam kilomita bakwai ce, idan kuna zagaye ta a minti 2 da daƙiƙa 18, zango ɗaya zai ci kimanin minti 62, tseren duka kuma wajen zagaye 610 bayan an cire lokacin tsayawa shan mai.

Ga inda ribar take. Raba 610 da 27, za ku tsaya sau 22. Raba da 28, sau 21 ne. Abin da ya raba su bai wuce lita 0.05 a kowane zagaye ba. Ana samun wannan ta ɗaga ƙafa daga totur mita hamsin ko ɗari kafin wurin taka birki a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, kamar Kemmel kafin kwanar Les Combes a Spa, a bar mota ta gangara da kanta. Asarar lokacin kaɗan ce, tsayawa ɗaya da aka tsallake kuwa ta haura minti guda. Sai dai direba ɗaya mai nauyin ƙafa ya isa ya rushe lissafin, don haka ku gina jadawali a kan wanda ya fi shan mai a cikinku.

Rabon tuƙi kuma, zango biyu a jere, wajen awa biyu, shi ne daidai ga yawancin mutane. Zango uku sai ƙwararre, kuma ba da asuba ba. Ku sani iRacing na da ƙa'ida: kowane direban da ya hau motar dole ya tuƙa aƙalla kwata na kason da zai samu in an raba daidai. A misalinmu kason kowa zagaye 152 ne, mafi ƙaranci 38. Wanda ya gaza haka ya jawo a soke sakamakon tawagar baki ɗaya. Ku rubuta jadawalin da agogon GMT, domin lokacin cikin wasan daban yake da na ɗakinku, dare na iya yi a hanya alhali rana tsaka ce a wurinku. Wanda bai taɓa atisayen dare ba kada a ba shi zangon dare.

Tambaya: Direban da ya fi mu sauri yana son saitin mota mai kaifi, wato mai saurin amsa sitiyari, sauranmu kuma tana juye mana. Na wa za a bi?

Amsa: Na mafi rauni a cikinku. Da zarar an tashi tsere saitin ya kulle, kowa da shi zai tuƙa har ƙarshe, sai ƙananan abubuwa irin rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya da ake iya murɗawa daga sitiyari. Gwani zai yi asarar kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa da mota mai natsuwa. Mai rauni kuwa in ya daki katanga a kwanar Raidillon ta Spa, gyara kaɗai zai iya cin minti ashirin. Ku ƙara fiffiken baya kaɗan, ku gwada saitin da tayoyin da suka yi zagaye 25, don a nan halin mota ke fitowa.

Tambaya: Me ke faruwa idan intanet ta yanke wa direba ana tsaka da tsere, kuma yaya ake kauce masa?

Amsa: Motar za ta ɓace daga hanya, a mayar da ita gareji, sai abokin tuƙi ya hau ya ci gaba. Zagaye nawa za ku rasa ya danganta da ko akwai wanda ke zaune a shirye. Shi ya sa doka ta farko ita ce a kowane lokaci mutum biyu ne a cikin wasan: mai tuƙi, da na biyu da sitiyarinsa a kunne, yana kallo yana magana da shi ta manhajar hira ta Discord. Na biyun shi ke duba mai, shi ke faɗin haɗari a gaba, shi ke tabbatar da an zaɓi yawan mai da canjin taya kafin a shiga gareji.

Sauran rigakafi ne. Wayar intanet a jone kai tsaye daga na'urar gida zuwa kwamfuta, ban da Wi-Fi. A dakatar da sabuntawar Windows tun kwana biyu kafin tsere. A kashe saitin da ke sa ramukan USB barci don tanadin wuta, shi ne ke sa feda ta mutu a tsakiyar kwanar hanya. Batirin UPS, mai riƙe wuta in an ɗauke ta, ya ɗauki kwamfuta da allo da na'urar intanet tare. A sake kunna kwamfuta awa ɗaya kafin zangonka, a gwada birki. Duk da haka wani lokaci matsalar daga sabar masu shirya tsere take: a tseren awa 24 na Le Mans na kwamfuta na Janairun 2023, wanda aka yi a wasan rFactor 2, direban Formula 1 Max Verstappen yana kan gaba aka yanke shi, ya haƙura da tseren. Wannan kam babu wayar da za ta yi maganinsa.

Tambaya: A tseren da ake haɗa motoci iri-iri, kamar Daytona, manyan motoci na yawan buge mu daga baya. Laifin wa?

Amsa: Nauyin wucewa lafiya yana kan mai sauri, amma galibi mai GT3 ne ke haddasa karon da kyakkyawar niyya. Ya hango GTP, rukunin motocin da suka fi nasa sauri, a madubi, ya kauce don ba da hanya, daidai lokacin da wancan ya riga ya zaɓi gefen. Tsaya a layinka. In za ka taimaka, ɗaga ƙafa kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya, kada ka yi a tsakiyar kwana. Tuta shuɗiya, wadda ake nuna maka idan mota mai sauri na bayanka, a nan sanarwa ce kawai.

Ku kuma lura da makin laifi: fita daga hanya 1x, juyewa ko dukan katanga 2x, karo da wata mota 4x, ko da ba kai ka jawo ba. Na tawaga duka ake tarawa, kuma idan suka kai iyakar da aka sanar, sai a yanke muku hukuncin ratsa layin gareji. Ku duba adadin a takardar dokokin tseren, ku raba shi da yawan zangonku, kowa ya san nawa aka yarje masa kafin ya zauna a kujera.