Abin da ya sa ake jiƙa yadi kafin a yanka

'Yata Hadiza, saƙonki ya iso, kuma na yi farin cikin jin kin duƙufa a kan koyon ɗinki. Allah ya sa albarka. Kin ce malamarki ba ta yarda almakashi ya taɓa sabon yadi sai an jiƙa shi ya bushe, wani lokaci ma ta zaro zare ɗaya ta ƙona ta shinshina, kina tambayata ko wannan al'adar tsofaffin teloli camfi ce kawai. Ba camfi a ciki. Kowane yadi da halinsa, kuma halin daga asalinsa yake: abin da aka yi shi da shi, da irin hannu ko injin da ya saƙa shi.

Bari mu fara da auduga, tunda ita za ki fi taɓawa. Mutanen kwarin kogin Indus, inda Pakistan take yau, suna kaɗa ta suna saƙawa tun kusan shekara 5,000 da suka wuce, can kuma Peru da Meziko suna noman tasu, ba wanda ya koya wa wani. Indiya ta daɗe tana tufatar da duniya, masaƙan Dhaka ma suna yin wani yadi shara-shara da sarakuna ke rububinsa. Da yadin Indiya mai zane ya cika kasuwannin Ingila, masu saƙar ulu suka koka, har majalisa ta yi doka a 1700, ta ƙara wata a 1721, don hana shi. Daga baya Turawan suka koma yin nasu da inji, Manchester ta zama garin masaƙu. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurza a Amurka, sai gonakin auduga suka bazu a kudancin ƙasar, kuma bayi 'yan asalin Afirka ne suka noma su da bulala a bayansu. Ina so ki san wannan, don arhar yadin auduga a wancan zamani jinin mutane ne ya biya ta.

To, ga inda jiƙon ya shigo. Injin saƙa yana ɗame zaren tsaye tamau, a shafe shi da sitaci don kada ya tsinke. Muddin yadi bai ga ruwa ba, haka zaren zai zauna a miƙe. Ranar da ya sha ruwa sai ya saki jiki ya koma yadda yake so, yadin ya tsuke, ya fi tsukewa kuma ta tsawo. In kin riga kin yanka kin ɗinka, riga ta ɗangale ke nan, ba yadda za ki yi da ita. A 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya fito da hanyar tsuke yadi tun a masaƙa, amma ido ba ya gane wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Jiƙon kuma shi ke nuna miki ko yadin yana zuba, kafin ki haɗa shi da fari ya ɓata miki aiki.

Lilin ya girmi auduga a hannun masaƙa. Daga karan wani tsiro ake samunsa, a jiƙa shi ya ruɓe a saɓule zaren, kamar dai yadda ake yi wa rama. Da shi mutanen Masar na dā suke suturta rayayyunsu da matattunsu, kuma akwai wata riga ta lilin da aka tono a Tarkhan ta Masar, ta kai shekara 5,000, tana ajiye a Landan. Zarensa ba ya miƙewa ya dawo, shi ya sa yake saurin yamutsewa, bakinsa kuma yana zarewa. Ki yi masa kalmasa mai kyau, ki goge shi da sauran danshi a jikinsa.

Alharini kuwa, wato siliki, shi na fi so ki yi wa ladabi. Sinawa ne suka fara kiwon tsutsarsa shekaru dubbai, suka ɓoye sirrin, fatake suna ta jigilar yadin ta sahara da duwatsu har Rum ba su san daga ina zaren yake fitowa ba. Sai wajen shekarar 552 wasu sufaye Kirista biyu suka ɓoye ƙwan tsutsar cikin sanduna masu rami suka kai wa Sarki Justiniyan a birnin da yau ake kira Istanbul. Tsutsar tana saƙa wa kanta gida da zare guda ɗaya tak mai tsawon ɗaruruwan mita, ba gaɓa, ba gashi-gashi irin na auduga. Daga nan sheƙinsa ya fito, daga nan kuma santsin da ke sa ya zame miki a teburi. Ki shimfiɗa masa takarda ko wani ƙyallen auduga a ƙasa kafin ki yanka, ki sa sabuwar allura siririya, ki rage girman taku. Inda allura ta huda shi alama takan zauna, saboda haka ba yadin da za ki riƙa ɗinki kina farkewa ba ne.

Ulu ba a jiƙa shi yadda ake wa auduga. Gashin tunkiya yana da 'yan ɓawo-ɓawo da ido ba ya gani, in ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai su sarƙe, yadin ya dunƙule, ba ya dawowa. Tururin guga ake ba shi. Mafi laushinsa na tumakin merino ne, waɗanda Sifaniya ta hana fitar da su daga ƙasarta har ƙarni na 18.

Atamfa fa? Da yawa sun ɗauka a Afirka aka haife ta. Asalinta tsibirin Java ne na Indunusiya, inda mata ke zana yadi da narkakken kakin zuma, a tsoma a rini, inda kakin ya rufe ya ƙi kamawa. Mutanen Holan da ke mulkin tsibirin suka so yin irinsa da inji su sayar musu da arha, 'yan Java suka raina shi saboda kakin yana tsattsagewa rini ya kutsa. Abin da suka ƙi shi ya burge matan gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda ya faro tun 1846, har yau yana bugawa. Atamfa ta gaskiya, rini ya ratsa ta ciki da bai. Wahalar ɗinkinta zanen ne: in ba ki daidaita shi a tsakiyar gaba da gefe ba, duk kyan ɗinkinki mai kallo karkacewar zai fara gani. Ki yi lissafin zane tun kafin alli ya taɓa ta.

Shadda ba buga mata zane ake yi ba, a cikin saƙar yake. Irin wannan saƙa ta yi suna a kasuwannin Dimashƙa, ta kuma yi sauƙi bayan 1804, lokacin da Joseph Jacquard na birnin Liyon a Faransa ya fito da masaƙa mai aiki da kati masu huji. Ƙyallinta da ƙarfinta gyara ne da ake mata bayan saƙa, kuma ruwa yana rage su, don haka ita ba a jiƙa ta kafin yanka. Ki yanka duk sassan riga su fuskanci wuri ɗaya, kamar yadda ake yi wa karan-miski, in ba haka ba hannu da jiki su fito kamar daga yadi biyu. Leshi mai yawa kuma aikin injin surfani ne wanda Isaak Gröbli ya ƙera a Suwizalan a 1863, garin Lustenau na Ostiriya ya shahara da shi. Shafi yake so, ki kuma jiƙa shafin in na auduga ne, kada ya tsuke ya ja leshin.

Saura ƙona zare. Tun da aka ƙirƙiro nailan a 1935 da foliyesta a 1941, dukansu daga sinadaran man fetur, ake gauraya su da komai, mai sayarwa kuma ba kullum ya san abin da ke hannunsa ba. Wuta ce ke faɗa. Auduga da lilin suna ci da warin takarda, su bar toka mai laushi. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, abin da ya rage ki murje shi ya zama gari. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. In kin ga haka, ki rage zafin dutsen guga, ki sa ƙyalle tsakani, kuma kada ki haɗa shi da shafin auduga da ba a jiƙa ba. Ki yi gwajin a kan faranti da ruwa kusa da ke, zare biyu ko uku sun isa.

Ki gaishe min da malamar taki.

Gwaggonki.