Dannau da barcin mafarki: amsoshin Likita

Tambaya: Jaririna yakan motsa idanu yana murmushi cikin barci. Ko akwai matsala? (Wata uwa, Argungu)

Amsa: Babu matsala, Hajiya. Kusan rabin barcin jariri yana faruwa ne a matakin da idanu ke kai-komo a ƙarƙashin fatarsu, alhali a babba bai wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba. Amma idan kin ga zazzaɓi ko jijjiga, ki garzaya da shi asibiti.

Tambaya: Me ya sa na fi yin mafarki gab da asuba? (Wani ɗalibi, Ƙaura Namoda)

Amsa: Matakin da idanu ke kai-komo, wato barcin mafarki, yakan fara zuwa kimanin minti 90 bayan barci ya ɗauke mutum, yana ta dawowa cikin dare, kuma ya fi tsawo a ƙarshensa.

Tambaya: Dannau yana yawan kama ni, sai aka ce in rufe ɗaki in yi turare a kan garwashi, mai kemis kuma ya ba ni ƙwayar barci. (Wani magidanci, Gusau)

Amsa: Malam, don Allah ka daina duka biyun tun daga yau. Tun 1953 masu bincike Aserinsky da Kleitman suka bayyana matakin barcin mafarki a Jami'ar Shikago da ke Amurka. A cikinsa ƙwaƙwalwa tana aiki kamar mutum a farke yake, amma takan ɗaure tsokokin jiki, ban da na ido da na numfashi, domin kada mai barci ya tashi ya aikata abin da yake gani a mafarki. Dannau shi ne hankali ya farka kafin jiki ya saki, shi ya sa kake jin nauyi a ƙirji, har ka ga inuwa a bakin ƙofa, wadda ragowar mafarki ce. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna, kuma ba ya kisa.

Garwashi a rufaffen ɗaki kuwa yana kisa, domin yana fitar da iskar guba marar wari, kuma abin takaici ne a ce har yanzu ana ba mutane wannan shawara. Ƙwayar barci ba tare da umarnin likita ba jaraba take jawowa. Ka ci gaba da addu'o'inka na kwanciya, ka tsayar da lokacin barci, ka rage shayi da dare, ka kwanta a gefe maimakon rigingine. Idan abin ya ci gaba, ko barci yana fizgarka da rana tsaka, ko maiɗakinka ta ce kana kai duka da harbi cikin mafarki, to ka je asibiti a duba ka, kada ka koma wajen mai kemis.