Tambaya da Amsa: Tun da matata ta haihu ba ta yi wa jaririnmu wasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim. Wata bakwai ke nan da matata ta haifi ɗanmu na biyu, kuma tun da ta dawo daga wankan jego ba ta koma yadda na san ta ba. Tana shayar da shi, tana yi masa wanka, amma ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa wasa, sai ta zauna jugum ko ta yi ta kuka babu dalili. Yaron ya rage dariya, yayarsa mai shekara huɗu kuma ta koma fitsarin kwance. Mahaifiyata ta ce kunya ce, wasu sun ce iska ce. Shin halin da take ciki zai iya cutar da yaran?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, ko da yake likita ne zai tabbatar bayan ya gan ta. Kunya dai ɗan fari ake yi wa, kuma a gaban mutane ake yin ta, domin mai kunya idan ta shiga ɗaki tana rungumar ɗanta tana yi masa tawai. Ƙuncin da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu, wanda ya kai wata bakwai kuwa ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa.

Gaskiya ne ciwon yana taɓa yara, kuma ta fuskar uwa yake bi. Jariri bai iya kwantar da hankalinsa da kansa ba, a wurin mai renonsa yake koya: ya yi gwalantu a amsa masa, ya firgita a ɗauke shi, ya yi murmushi a mayar masa, har ya gane cewa idan ya nema za a kula shi. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su daina motsa fuskarsu na 'yan mintuna a gaban jariransu. Jariran sun yi ta murmushi da miƙa hannu don su dawo da hankalin uwa, da abin ya faskara sai suka kau da kai, suka shiga kuka. Ɗanka yana gamuwa da wannan kullum, shi ya sa ya rage nema. Ciwon ne ya danne wa uwarsa kuzari da walwala, son ɗanta yana nan, kuma mai yiwuwa tana zargin kanta fiye da yadda kowa ke zarginta.

Yayarsa kuma kada a doke ta. Yara masu shekarunta sukan ɗauka laifinsu ne ya sa uwa ta yi shiru, don haka a gaya mata cewa Inna ba ta da lafiya, ana yi mata magani.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne gidan Bahaushe ba ya rasa hannuwa. Idan kaka ko goggo ko kai kanka kuna ɗaukar yaron kullum, kuna kallon idonsa kuna amsa masa, illar tana raguwa ƙwarai. A sauke wa matarka daka da ɗiban ruwa don ta sami barci, kuma a bar yaron kusa da ita, kada a raba su da sunan taimako. Kai ma ka lura da kanka, domin maza ma suna kamuwa da wannan ciwo, sai dai nasu yakan fito ta faɗa da ƙauracewa gida.

Ka raka ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a duba ta har da ƙarancin jini, wanda shi ma yakan kawo kasala. Idan aka tura ku gaba, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai kuma sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana magance ciwon ta hanyar zaman tattaunawa, kuma akwai magungunan da likita zai iya ba mai shayarwa ba tare da ta yaye ba. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su. Idan kuwa ta ambaci mutuwa, ko cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyin da babu su, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.